Ranar da Kamyo Ya Kawo wa Raƙumi Rairayi

Wanda ya bi ta ƙofar gidanmu a Zangon Damagaram yau, shaguna zai gani jere, da masu facin taya, da ƴan kabu-kabu suna ta kiran mutane. In na nuna wa jikokina inda mai shayi yake kafa teburinsa, na ce nan raƙuma suke durƙusawa a da, sai su dubi juna su yi shiru don ganin girmana. Amma haka abin yake. Fili ne mai faɗi, rairayi fari mai laushi, in ka taka sai ƙafa ta nutse har idon sawu. Ba mu da wata shaida a kansa, amma duk unguwa ta san filin baƙin gidanmu ne.

Mahaifina mai masauki ne, sana'ar da ya gada wurin ubansa. Duk shekara in an gama girbi sanyi ya shigo, ayarin Buzaye yakan sauko daga arewa da kantun gishiri da dabinon Bilma, ya sauka a wurinmu. Baba ne mai ba su wurin kwana, ya adana musu kaya a soraye, ya nemo masu saye, ya raka su ƙauyukan Gafati da Guna inda za su sami gero, raƙumansu kuma su ci kara a gonaki. Madugun ayarin tsoho ne dogo siriri, ban taɓa ganin bakinsa ba saboda amawali. Shi da Baba sun san juna tun suna samari, iyayensu ma haka suka yi.

Akwai ƙa'idar da kowa a Zango ya sani. In ayari ya iso, amale, babban raƙumin da ke gaba, wanda madugu yake riƙe da akalarsa, shi ne zai fara durƙusawa, kuma a ƙofar mai masauki. Sai mai masauki ya zo ya kwance igiyar farko da hannunsa. Kafin a yi haka ba raƙumin da za a sauke wa kaya. Ƙofar da amale ya durƙusa, gidan ne masaukin ayari, kuma ba na wannan shekara kaɗai ba, don Buzu in ya sauya ƙofa ba ya cika komawa tsohuwar. Muna da wani maƙwabci a can ƙarshen filin, shi ma mai masauki ne, amma ƙananan fatake yake samu. Mutumin kirki ne a sauran al'amura, sai dai ya daɗe yana kallon ayarinmu yana haɗiyar yawu.

Ni kuwa an sa ni lakwal, makarantar Nasara, ina yaro, na yi ƴan shekaru na gudu. Faransancin da na kwaso bai wuce in gane an ce zo, ko riƙe, ko ja ba, amma ya isa a ɗauke ni aiki sa'ad da aka fara buɗe hanya a tsakiyar gari. A lokacin ban daɗe da aure ba, ina jin kaina. Aikina riƙe bakin igiyar awo. Wani Nasara ya leƙa cikin na'urarsa mai ƙafa uku ya ɗaga hannu, in matsa dama ko hagu, a kafa turke. Duk bangon da igiya ta ratsa sai a shafa masa jan fenti, mai gida ya fito ya tsaya yana kallon alamar kamar an yi wa ɗansa tsaga bai sani ba.

Kafin nan, a lungunan Zango jaki biyu masu kaya ba sa gifta juna sai ɗaya ya ja da baya. Ina tsaye aka rushe katangu, aka yanke kusurwar zauruka, rana ta faɗa wuraren da ba ta taɓa faɗawa ba. Wata safiya na ɗaga kai daga igiyata na hangi duwatsun unguwar Birni, ba abin da ya tare mini ido. A garin nan aka haife ni, amma ban taɓa sanin kusa suke haka ba. Masu gidajen da aka taɓa sun yi ta Allah ya isa, wasu ma a kan idona, amma a lokacin kunnena ba ya wurinsu.

Sai aka kawo injin daɓe mai ƙafafun ƙarfe, ƙafa ɗaya ta kusa tsawon mutum. In yana tafiya ƙasa rawa take yi, ruwan randa a cikin gidaje yana kaɗawa. Mata sukan bar daka su fito kallo da taɓarya a hannu. Daɓen da matan unguwa za su taru su wuni suna yi a ɗaki guda, shi wucewa kawai yake yi ya bar shi a bayansa. Daga nan aka zo da guduro, wato kwalta, ana dafa shi cikin gangunan ƙarfe, baƙi ƙirin, warinsa har cikin tuwo. Ranar da ya bushe na cire takalmi na taka, sumul kamar bayan ƙwarya. Tsofaffi suka yi ta zuwa suna ƙwanƙwasa shi da sanda, wani har ya durƙusa ya karce shi da farce ya shinshina.

Amma abin da ya fi tafiya da hankalina wani kamyo ne, babbar motar kaya da ake ce wa ben, mai kawo marmara da rairayi. Ranar farko da ya iso muka ɗauko shebur za mu hau mu sauke, sai shofer, wato direban, ya ce mu matsa. Ya taɓa wani abu a ciki, bayan motar ya fara ɗagawa a hankali yana kuka, yana miƙewa sama, har kayan duka suka zubo wuri ɗaya. Wasu suka ruga. Wani tsoho mai sayar da tabarmi ya riƙe haɓa ya ce, “Ikon Allah! Raƙumi sai ya durƙusa a sauke masa, wannan kuwa miƙewa yake ya sauke wa kansa.”

Shoferin nan Babarbare ne, iyayensa daga Barno suka zo suka zauna a Birni, ya koyi tuƙi a soja. Ya girme ni kaɗan, ga surutu ga tsokana. Ba ya kirana sai ɗan lakwal. In ya gan ni da safe sai ya leƙo ta taga ya ce, “Wushe, ɗan lakwal! Yau me igiyarka za ta ci, zaure ko rumbu?” Muka shaƙu. Yakan bar ni in zauna a gefensa in za shi ƙorama ɗebo rairayi, ina kallon yadda hannunsa da ƙafarsa suke aiki tare, yana hira bai ko duba su.

Da hanya ta buɗe, motoci suka yi ta ƙaruwa kamar ana haifarsu a bayan gari. A da in mota ta wuce, labarinta ake yi har yamma. Yanzu manyan motocin gyaɗa ne ke shigowa daga Mirya da ƙauyuka, a tara buhuna su yi tsauni, a sake lodawa a nufi Kano. Aka fara gina shagunan siminti masu ƙofar ƙarfe a bakin hanya, aka kafa famfon mai, aka sa ɗan sanda a mararraba yana juya hannu, mutane su taru suna kallonsa kamar mai wasa. Kaji da awaki sun sha wuya kafin su koyi hanya. Mu ma mun sha. Na ga dattijo da babbar riga ya tsaya a tsakiyar guduro yana gaisawa da abokinsa, kamyo na bayansa yana ta ihu, shi kuwa sai da ya tambayi lafiyar gida da ta gona sannan ya matsa.

Ƴan mota ba su da wurin da za su tsaya su jira lodi, sabuwar hanya kuwa ta gefen filinmu ta bi. Ba wanda ya roƙe ni. Ni na ce musu ga fili a ƙofar gidanmu yana zaman banza, don ina son a ce ƙofarmu ce tashar Zango, kuma a ce ni na kawo. Wannan a bazara ne, ayari ya koma arewa. Sai da na gama yi musu alkawari sannan na je wurin Baba. Yana zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na faɗa masa.

“Yaushe za su tashi?” ya tambaya, bai ɗago ba.

“Kafin baƙi su zo, Baba.”

“Gyaɗa yaushe ake kwasarta?”

“Bayan girbi.”

“Baƙin namu fa, yaushe suke zuwa?”

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san gyaɗa da gishiri lokaci ɗaya suke shigowa gari, dukansu girbi suke jira. Na sani sarai, sai dai ban so in haɗa su wuri ɗaya a kaina ba.

“Na riga na ba su baki, Baba.”

Ya daɗe yana murza igiyarsa a cinya. Can ya ce, “To. Kai ka ce za su tashi. Ba zan mai da kai ƙaramin mutum a gaban abokanka ba.”

Motoci suka zo. Ranar farko tayoyinsu suka nutse a rairayi, aka wuni ana turi. Na je wurin Babarbare, ya yi mana sawu da yawa na marmara da tsakuwa, aka baza a filin. Ruwan sama ya zo ya jiƙa, tayoyi suka danne, wurin ya koma kamar falalen dutse. Nan suke gyara, nan suke zubar da baƙin mai in sun sauya. Inna, mahaifiyata, ta ji daɗin abin da farko, don tuwonta da furarta ba sa kaiwa azahar. Baba kuwa in zai tafi masallaci sai ya tattare rigarsa ya bi ta jikin bango, bai taɓa ce mini kanzil ba.

A daminar wannan shekara aka sami ƴancin kai. An share sabuwar hanya, an kafa tutoci, an shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa. Babarbare ya wanke ben ɗinsa ya kwashe mu, muka tsaya a baya muna riƙe da juna daga Zango har Birni. Jawaban da aka yi ban fahimce su sosai ba. Abin da ya zauna mini shi ne na ga garinmu ta sama. Katangun da na sani tun ina yaro suka koma ƙasa da ƙirjina. Na ga tsakar gidajen mutane, da rumbunansu, da shanyarsu. Na ga wani malami da nake tsoro, ba riga, yana bin kaza da gudu. Mata suna jan mayafi suna zaginmu, mu kuwa muna ta ihu. Can bayan gari ga gero kore shar har inda ido ya tsaya. Iska na dukan fuskata, na ji kamar duk abin da ake cewa zai zo ya riga ya iso, kuma ina cikinsa.

Aka yi girbi, sanyi ya shigo, filinmu ya cika da motocin gyaɗa har ba masaka tsinke. Wata rana da la'asar wani Buzu ya iso a kan taguwa ya ce ayari na bayansa, gobe da hantsi suna nan. Baba ya dube ni kawai ya shiga gida.

Na je wurin ƴan mota. Kowa yana jiran layinsa na lodi, wanda ya tashi ya rasa wurinsa. Wani ya ce, “Haba, ɗan lakwal, raƙumin ba ya iya kewayawa ne? Ai ya fi mu ƙafa.” Da roƙo da rantsuwa na samu waɗanda ke daidai ƙofarmu suka ja gefe da safe. Na share wurin da kaina, na yayyafa ruwa, na ce shi ke nan an gama. Faɗin wurin na duba, ban dubi ƙasar ba.

Na ga shigowar ayari tun ina goye, amma ban taɓa ganinsa a kan guduro ba sai ranar. Suka ɓullo daga arewa a jere, akalar kowane ɗaure a jikin na gabansa, har ƙarshensu ya ɓace wa ido. Ba ka jin sawunsu ko kaɗan, sai ƙarar igiya da kaba a jikin kantu. Ɗan sandan mararraba ya ɗaga hannu ya tsayar da motoci, ya manta bai sauke ba. Ƴan mota suka kashe inji suka hau saman buhuna suna kallo. Ga amale a gaba, fari, wuya a sama, yana duban manyan motocin nan ta ƙasan ido kamar bai ga abin kallo ba. Wata da watanni ina yi wa mutane bayanin inji, ranar nan bakina a buɗe yake kamar na baƙauye.

Baba ya fito da babbar rigarsa. Suka gaisa da madugu, gaisuwa mai tsawo, suna shafar tafin juna. Sannan madugu ya ja akala ƙasa, ya yi wa amale irin sautin da suke yi da baki. Amale ya sunkuyar da kai ya shinshina ƙasa, ya yi ruri ya ja baya. Madugu ya sake. Amale ya lanƙwasa gwiwa ɗaya, ta taɓa tsakuwa, ya zabura ya miƙe, kantu suka yi ƙara a bayansa. Dabbar da ke ɗauke da kaya irin wannan, da nauyinta duka take faɗawa a kan gwiwa da ƙirji. Ba za ta faɗa a kan dutse mai warin mai ba.

Wani ɗan mota daga saman buhuna ya ɗaga murya ya ce, “A kawo kirik a sauke shi mana!” Kirik shi ne ƙarfen da suke ɗaga mota da shi. Aka fashe da dariya, ni ma ta kuɓuce mini. Da na juyo, Baba yana kallona. Na tsufa yanzu, na manta fuskokin mutane da yawa, amma wannan kallon yana nan yadda yake.

Sai ga maƙwabcinmu ya ƙaraso yana gyara hula. Ya gaida madugu, sannan ya ce wa Baba cikin ladabi, “Maigida, ƙofata akwai sauran rairayi. Ba don komai ba, don tausayin dabba. Su sauke can, in ya so daga baya a san yadda za a yi.” Kowa ya san ba wani daga baya.

Madugu bai ko dube shi ba. Ya ce wa Baba da Hausarsa mai nauyi, “Ƙofar nan ubana ya sauka. Zan tsaya har a kira azahar. Bayan haka ba ni zan yi magana ba, dabbobi ne za su yi.” Gaskiya ya faɗa. Sun yi tafiya tun asuba, na baya sun fara ruri suna sauya ƙafa. Raƙumi in ya gaji da tsayuwa da kaya, zubewa yake yi inda yake, kantu su farfashe.

Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙofar zaure. Ya shiga ya fito da gatarin haƙa rijiya, ya fara saran marmarar. Ƙarfen yana tsalle yana tartsatsi, abin da yake ɓallewa bai cika tafi ba. Na miƙa hannu zan karɓa, ya kauce mini. Ana cikin haka sai ga Inna ta aiko mata da ƙore cike da farin rairayi. Na gane shi. Na ɗakinta ne, wanda take tankaɗewa ta shimfiɗa a ƙasa, ba ta yarda kowa ya taka da takalmi. Ta kwashe shi duka. Da aka zuba a ƙofa, ko tabarmar salla bai kai ba.

Ganin wannan ɗan rairayin ne ya tuna mini inda ake samunsa da yawa. Na ruga. Na sami Babarbare a wurin ginin sababbin shagunan kasuwa, ben cike, yana shirin juyewa.

“Tsaya! Kada ka zuba!”

“Lafiya, ɗan lakwal? Wa ya biyo ka, Nasara ko surukarka?”

Na faɗa masa ina haki.

“To ni me ya haɗa ni da raƙumi? Rairayin nan na mai kwangila ne, ga magina can sun zuba mini ido.”

“Kai ka zuba marmarar nan.”

“Kai ka ce in zuba.”

“Ni na ce. Amma Baba na can yana saranta da gatari.”

Ya daina dariya. “Tsohon da kansa?”

“Ya hana ni karɓa.”

Ya leƙa ta taga ya ce wa magina su je su sha fura, ƙorama ba ta ƙafe da rairayi ba, zai sake ɗebo musu. Sannan ya buɗe mini ƙofa. “Hau, ɗan banza. Tuwon tsohuwarku da na ci ne ya ja mini.”

Da muka iso rana ta kusa tsaka. Da baya ya shigo filin, a hankali, ina tafe a ƙasa ina yi masa hannu. Raƙuma suka firgita da ƙarar inji, jerin ya fara murɗewa. Madugu ya yi wa mutanensa magana da yarensu, kowa ya kama akala ya ja baya, shi kuma ya kwance wani ƙyalle ya rufe wa amale ido yana shafa wuyansa. Na dafa Baba na ce, “Baba, ku matsa kaɗan.” Ya dubi motar, ya dube ni, ya ja gatarinsa ya koma bakin zaure.

Bayan ben ya fara ɗagawa. Buzayen nan, mutanen da suka ratsa hamada ba su ji tsoro ba, wasunsu suka dafa takobi. Bayan motar ya yi ta miƙewa har ya tare rana daga ƙofarmu, sai rairayi ya sulalo gaba ɗaya da wata ƙara mai taushi, kamar ruwan sama a kan ciyawa. Daga ƙorama yake, da sanyinsa da danshinsa, ƙamshinsa ya danne warin mai. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Ba wanda ya ce a baza, kowa dai ya duƙa. Da hannu, da ƙwarya, da shebur ɗin ƴan mota. Mai maganar kirik ɗin nan ya sauko daga buhunansa yana turawa da ƙafa. Maƙwabcinmu ma, don kada a ce, ya ɗan shafa gefe da tafinsa. Babarbare ya ja motarsa can nesa ya kashe.

Madugu ya cire ƙyallen, ya jawo amale. Amale ya taka rairayin da ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya sunkuya ya shinshina har hancinsa ya kwaso. Madugu ya ja akala ya yi sautin nan. Gwiwoyin gaba suka sauka, sannan na baya, sannan ƙirji, ya gyara zama ya saki wani dogon numfashi. Baba ya ɗauki rigarsa ya sa, ya zo ya duƙa a kan igiyar farko. Tafinsa ya fashe, ƙullin ya ƙi. Ba wanda ya matso, don ba mai ikon taɓa wannan igiya sai shi. Ya sa haƙori ya sassauta, ya kwance. Ba a jima ba ladan ya kira azahar.

Sauran raƙuman aka riƙa kawo su bi da bi, su durƙusa a kan rairayin, a sauke, a wuce da su bayan gari. Madugu kuwa ya bar mutanensa da aiki ya tafi wurin ben. Ya kewaye shi, ya shafa taya, ya leƙa ƙarƙashi.

“Sake ɗaga shi in gani,” ya ce wa Babarbare.

Aka ɗaga, aka sauke.

“Me yake ci?”

“Mai, Baba.”

“In ba mai fa?”

“Sai ya tsaya.”

“Ko an lallashe shi?”

“Ko an yi masa kirari.”

Madugu ya girgiza kai. “To, ba zai kai Bilma ba. Amma yana da kirki.” Ya sa aka kawo kantu guda da dabino aka ɗora a kujerar shofer. Babarbare ya tafi yana cewa yau shi ma ya zama mai masauki.

Ayari ya ci gaba da sauka a ƙofarmu. Duk shekara in sanyi ya fara, Baba yakan ce mini, “Je ka gaya wa abokinka lokaci ya yi,” sai ben ya kawo rairayi. Har mutane suka saba, suna cewa an zuba rairayi a gidan mai masauki, gishiri ya kusa. Daga baya motoci suka yi yawan da ayari ba ya iya ratsa gari. Baba ya gina zaure a gonarsa ta hanyar Gafati, ya kai madugu ya nuna masa ƙofar da kansa, can amale ya koma durƙusawa har tsofaffin biyu suka bar duniya. Filin ya zama tasha kamar yadda na so, sannan tashar ma ta tashi aka yi shaguna.

Amma a ranar nan, da la'asar, bayan an shigar da kantu soro, Baba ya aika a kira ni. Na zaci faɗan da ya daɗe yana ajiyewa ne ya zo. Na same shi zaune, Inna tana ɗaure masa tafin hannu da tsumma. Na durƙusa na jira.

Ya ce, “Ɗakin uwarka ƙasa ce tsirara. Ɗauki ƙwarya.”

Na yi ta ɗibar rairayi daga gefen tarin, ina tankaɗewa, ina kai mata. Tana tsaye a bakin ƙofa tana nuna mini da ƙafa inda bai ji ba, a bayan gado da ƙarƙashin jeren kwanoni, har ɗakin ya koma fari kamar da.